Zuwa ga Sa'idu, game da jar roba

Sa'idu,

Bayan sallama da addu'a. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma ka ga na rubuta sunanka. Duk zamanka a duniya bakina bai taɓa furta shi ba, don kai ɗan fari ne. Yaron nan nake ce maka, ina kau da kai. Yau na rubuta, in ga wanda ya isa ya ce na yi rashin kunya.

Gida lafiya. Mahaifiyarka ta rame, kuma har yanzu tana kaɗa miyar kuɓewa mai santsi irin wadda aka saba yi maka, ko da babu mai marmarinta. Motata tana nan tana jigilar gyaɗa daga Tudun Wada zuwa birni. An yi haihuwa a gidan Baffanka Ilu a Ɗansoshiya, namiji. Wannan haihuwar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka fi kowa sanin ciwonka. Tun kana cikin zanen goyo cikinka ba ya fitar da komai da kansa. Haka ƙanwata Dije ta tafi muna yara, aka ce mayu ne. Ni ban yarda ba. Na yi makarantar Midil, ko da ban ƙarasa ba, kuma duk abin da na mallaka da kaina na nemo shi. Na sa ka a gaban mota na kai ka asibiti a birni. Likita ya ce abin a jinin gidanmu yake, wani yanki na hanjinka ne ba ya motsi, kuma shi kansa bai cika ganin irinsa ba. Ya ce maganin zawo ba zai buɗe hanya ba, kumburi kawai zai ƙara. Ya ba ni jar roba mai mazurari, ya nuna mini yadda ake ɗura ruwan ɗumi da ɗan gishiri ta ƙasa kowace safiya.

Ka tuna bayan ɗakin mahaifiyarka, gindin zogalen nan? Ni ɗin nan da yaran mota suke rusuna wa, ni ne nake durƙusawa a wurin ina gwada ɗumin ruwa da gwiwar hannu. Kai kuwa kana kwance a tabarma kana yi mini kukan injin mota da baki. In mun fito waje sai in wuce ka kamar ban san ka ba. Ban taɓa gaya maka ba, a duk yinina babu lokacin da nake jira irin wannan.

Sai shekarar kaciyarku ta zo. Baffanka ya ce a haɗa yaran dangi a gidansa, gidan kakanninmu, kamar yadda aka saba. Wana ne, ta yaya zan hana shi? Na naɗe robar a ƙyalle na damƙa masa hannu da hannu, na yi masa bayani na sake maimaitawa. Ya ce ya ji. Uba ba ya leƙa ɗan fari a ɗakin kaciya, saboda haka na zauna a gida.

Suka yi ta cusa muku tuwon dawa da gasasshen nama, wai don ku yi ƙarfi. Cikinka ya tashi har yana ƙyalli. Baffanka bai aiko mini ba. Sai ya kira wanzami, aka yi maka tsaga, aka kafa ƙaho, aka ɗura maka jiƙon filasko mai sa zawo. Ka kira ni, Sa'idu? Ko kai ma kunyar ce ta hana ka? Kafin saƙo ya iske ni har an yi maka wanka.

A zaman makoki na ga keken Baffanka jingine a zaure, an ɗaure ƙunshin goro a bayansa. Da me aka ɗaure? Da jar robarka. Ya yanke mazurarin ya yar. Daga baya na ji ya ce ƙazantar Nasara ce, ba za a yi wa ɗan Musulmi ita a gidan ubansa ba. Kowa ya zo sai ya ce mini kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma Musulmi ne. Amma kwana ne ya ɗauki wuƙa ya yanka roba?

Na dai daina ɗaukar gyaɗar Baffanka a motata, ya koma kan jaki. Hakan bai sanyaya mini zuciya ba.

To, jaririn nan nasa, an yi suna cikinsa kamar ganga. Ciwon gidanmu ne. Ya turo matarsa wurin mahaifiyarka, sannan ya turo liman, shi bai iya zuwa ba. Ina da sabuwar roba, na saye ta ko Allah zai ba ka ƙane. Jaririn bai yi mini laifi ba. Jiya na aika mota ta ɗauko shi da uwarsa. Yau da safe na yi masa ɗurin ruwa na fari a gindin zogalenka, cikin ya sauka, ya kama nono. Mahaifiyarka ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Wannan ne na fari kuma na ƙarshe daga hannuna. Na gaya wa liman, daga gobe Yaya Ilu da kansa zai zo ya durƙusa a inda na durƙusa. Zan tsaya a kansa in koya masa, a hankali, yadda na yi masa bayani a wancan karon. Shi zai gwada ruwan, shi zai riƙe mazurarin, shi zai wanke tabarmar. Ba zan zage shi ba, ba zan kai shi gaban alƙali ba.

Addu'ata ɗaya, Allah ya raya yaron nan. Ya yi rarrafe, ya yi gudu, ya yi gemu. Kowace safiya cikinsa ya sauka a hannun ubansa, Yaya zai san da bai yanke robarka ba, da kai ma kana nan.

Allah ya haskaka makwancinka, Sa'idu. Ka huta, cikinka ba ya ciwo yanzu.

Ni ne ubanka,
Garba Mai Mota, Tudun Wada