Facin Ƙafar Hagu

Assalamu alaikum, Apa Rauza. Ki gafarce ni da na ɗora miki wannan nauyi. Ni ba mai fitar da zancen gidana ba ce, amma yau kwana tara ke nan ina tsayawa sallah da fushi a ƙirjina, na rasa inda zan ajiye shi. Don Allah ki taimake ni.

Ƙauyenmu yana gindin dutse ne a Altai. Da zarar dusar ƙanƙara ta rufe hanyar mota, tsakaninmu da rugar makiyaya sai a kan shangi, dogayen katakan nan da muke ɗaurawa a ƙafa muna sulu. Maza ke take hanya, su kafa rassa gefe da gefe. Ƙa'idar guda ce, kowane yaro ya san ta: wanda zai bar hanya ya shiga daji, sai ya gitta reshe biyu a bakin sawunsa, don na baya ya san nan ba hanya ba ce.

Maigidana, baban Dinara, bai taɓa son hanyar da aka taka ba. Kullum cewa yake, "Ni ba tunkiya ba ne da zan riƙa bin bayan Tolegen." Tolegen shi ke gaba in maza za su take hanya. Shekara ashirin da shida ina jin wannan, ina zuba masa shayi.

Ranar Talatar makon jiya, Zauresh, ma'aikaciyar jinyarmu, ta fita da hantsi za ta yi wa wani tsoho allura a ruga. Hazo ya sauko. Ta ga sabon sawu babu reshe a gitte, ta bi. Sawun ya kai ta bakin rafi, inda ruwa ya ci ƙanƙarar ta ƙasa, ta rufta, ƙafarta ta karye. Sai la'asar aka same ta.

Ina cikin waɗanda suka je ɗauko ta, da bargo da shayi. Maza na fama da ita, ba wanda ya dubi ƙetaren rafi, sai ni. Apa, ni nake ɗinka wa maigida fatar ƙafar doki a ƙasan katakansa, don kada su zame in yana hawan tudu. A lokacin kaka fatar hagu ta yage, na yi faci, ɗinkin ya yi tudu, duk inda ya wuce sai ya ja siririn layi. Layin na gani a sawun da ke ƙetaren. Shi ya san ramin, ya kewaye shi ya wuce abinsa. Washegari iska ta shafe komai.

Yanzu cewa ake ita ta ɓata da kanta. A kanti na ji wata na cewa, "Zauresh ta tsufa, jama'a. Wadda ba ta ganin reshe, ita za ta ga jijiya?" Aka kwashe da dariya. Har an rubuta wa manyanta a gunduma a kawo wata. Matar da ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku!

Da na yi masa magana, sai ya ce, "Ke, duk faɗin Altai ɗinkinki ne kaɗai mai tudu? Ai Zauresh tana da ido. Zubo shayi." Amma shekaranjiya sai ga shi da sabuwar fata, wai in cire tsohuwar in ɗinka masa wannan. Wato da hannuna zan goge masa sawu. Tana nan kan akwati, ban taɓa ta ba.

An karantar da mu tun muna yara cewa ɓoye shaida zunubi ne, an kuma karantar da mu rufa wa miji asiri. Wanne zan ɗauka? Ba mugu ba ne, wallahi, amma ko kallonsa ba na son yi. Ina roƙonki ki amsa mini da wuri, kafin takardar gunduma ta dawo.

Mai faci, daga Altai

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fushinki yana kan hanya, kada ki nemi gafara a kansa.

Bari in fara ba wa mijinki haƙƙinsa. Barin hanya ba laifi ba ne. Hanyar da kuke bi yau, wani mai taurin kai irinsa ne ya fara taka ta, kuma ranar da doki ya ɓata a dutse, irinsu ake nema. Rashin gitta reshe ma na iya zama mantuwa ko gaggawa. Amma shirun da yake yi ana yi wa Zauresh dariya, wannan ba mantuwa ba ce, kowace safiya sabunta shi yake. Kuma wanda bai san cewa sawunsa ne ba, ba ya kawo sabuwar fata. Tsoro ne da kunya suka riƙe shi.

Asirin da ake rufa wa miji shi ne wanda bai danne kowa ba. Wannan yana kan ƙafar wata da abincinta.

Kada ki ɗinka fatar. Ki zaunar da shi, ku biyu kawai, ba tsawa, ki ce masa yana da daga nan zuwa Juma'a ya je wurin Zauresh da ƙafarsa, daga nan ya wuce wurin dattawa a janye takardar. Ki ce za ki raka shi. Tunda ya fi kowa sanin dutse, shi ya dace ya riƙa kai magani ruga har ta warke. Idan Juma'a ta wuce bai motsa ba, ki je ke kaɗai, ki faɗi abin da idonki ya gani, kada ki ƙara ko kalma. Zai yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Fushinsa zai huce, amma aikin Zauresh in ya tafi ba zai dawo ba.

Ranar da ya dawo daga gidanta, ki ɗauko allurarki ki ɗinka masa sabuwar fatar. Ki yi ɗinkin hagu da tudu, kamar na da.

Allah ya ba Zauresh lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya zaunar da gidanki.

Apa Rauza