Ƙorafi Kan Gubar Da Ake Kira Kanwar Bature

Daga Mu'azu Shitu,
Gidan Baffa Audi, Bayan Zango, Agege.
14 ga Yuni, 1954.

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege.

Game da: maganin kashe tofa da ake sayarwa a bakin tasha da sunan da ba nasa ba.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ina roƙon iznin gabatar da kukana.

1. Ni ɗalibi ne a jami'a a Badun. Baffana Audi, tsohon soja, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Yana da ɗan fili a bayan zango inda ya yi bargar dawaki biyu, Akawal da Kili. Tofa ta cinye bargar. An nome ta, an ƙone ta, an tone saiwarta, amma da ruwa ya sauka sai ta sake tsirowa, tsininta yana sokar dawakin in sun kwanta.

2. Ranar 3 ga Afrilu, ina gida hutu, na sayi wani farin gari a gwangwani a kantin Malam Balarabe na bakin tasha. An rubuta da Turanci a jikinsa cewa guba ne, a nisanta dabbobi daga inda aka zuba. Na karanta, na kuma fahimta. Baffa ya ƙi yarda a kai maganin Turawa inda dokinsa ke kwana. Don in kwantar masa da hankali, sai na ce masa ai kamar kanwa ne, kanwar Bature. A zatona dabara na yi. Na mayar da dawakin gindin mangwaro, na barbaɗa garin, na koma makaranta ban faɗa masa yaushe za a dawo da su ba.

3. Mai Girma ya fi ni sanin matsayin kanwa a wurin mai doki. Da Baffa ya ga tofa ta bushe, sai ya mayar da Akawal turkensa, yana murna zai samu abin lasa. Garin kuwa yana da ɗanɗanon gishiri. Akawal ya lashi ƙasa, cikinsa ya ɓaci, ya mutu ranar 11 ga Afrilu. Baffa bai aiko mini ba, wai kada ya raba mini hankali da jarrabawa. Da na dawo, abin da ya ce kawai shi ne kwanan dokin ne ya ƙare. Har yau bai cire igiyar daga turken ba, ni kuma ba na iya bi ta gefen nan.

4. Ainihin ƙorafina shi ne, sunan nan ya fita daga gidanmu ya shiga kasuwa. Malam Balarabe yanzu yana juye garin daga gwangwani, yana ƙulla shi a takarda, yana sayarwa da sunan kanwar Bature, babu gargaɗi ko kaɗan. Na same shi cikin girmamawa, ya ce mutane da wannan sunan suke tambayar garin. Maƙwabciyarmu Inna Hassana, wadda ragunan layya ne duk abin da ta dogara da shi, ta riga ta saya don garkenta. Na roƙe ta ta dakata, ta ce ta ji daga bakin Baffa cewa ɗan jami'a ne ya tabbatar kanwa ce. Ta yi alkawarin jira zuwa Juma'a, don kunyata kawai.

Saboda haka, Allah ya ja zamaninka, ina roƙo a hana sayar da garin nan ba a cikin gwangwaninsa ba, a kuma sa sanƙira ya zagaya zango da kasuwa kafin Juma'a, ya shaida wa jama'a cewa guba ne. Ba na neman diyya daga kowa. In ana ganin mutane ba za su gaskata sanƙira ba, a ba ni izni in bi bayansa. Daga bakina suka karɓi sunan, wataƙila daga bakina za su yarda su ajiye shi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci.

Ni ne mai biyayya gare ka,
Mu'azu Shitu