Hotunana ne suka nuna masa sheƙar gauraka

Tanti Hasiya, don Allah ki taimake ni. Abin da zan faɗa miki ko Inna ban taɓa gaya wa ba.

Shekarata goma sha shida, ina lakol, wato makarantar boko, a Gidan Rumji. Yayana ya bar mini wata ƴar kamara da ba ta wuce tafin hannu ba, cikin hijabi nake ɓoye ta. In an aike ni kai abinci gona, sai in ratse wani tabki in laɓe cikin ciyawa. Nan na sami gauraka, mata da miji da ƴaƴa biyu. Wata guda ina ɗaukar su, da rarrafe, don kamarar ba ta jawo nesa. Yadda suke rawa suna sunkuya wa juna, wallahi ko a littattafan soyayyar da nake karantawa ban ga irinsa ba.

Sai Maharazu, ɗan kawuna, ya fizge kamarar da wasa. Kin san taubashi, ba a yi masa fushi. Ya yi ta duba hotuna yana tsokanata, wai na rasa saurayi sai tsuntsu. Ni kuwa har daɗi na ji, don ba zan ɓoye miki ba, na daɗe ina saƙa shi a raina. Ashe wata itaciyar kuka mai reshe karyayye da ta fito a bayan gaurakan a hotunan yake kallo, don ya gane wurin.

Ranar Talata na hango shi cikin ruwa har gwiwa, yana cusa macen a buhu, ƴaƴan a kwando. Ko motsi na kasa. Kamarar kawai na danna, fuskarsa ta fito sarai. An ce ƙetaren iyaka zai kai su ranar kasuwa, masu kuɗi su yi adon gida. Namijin yana can shi kaɗai yana kuka.

In na kai hoton wurin ma'aikatan gandun daji, a ce na raba zumunci, kuma asirin ratsewata ya tonu. In na yi shiru, sun tafi ke nan. Sau biyu ina yaga takardar nan. Wannan kam zan miƙa wa ƙawata Salima ta kawo miki.

Mai laɓe a ciyawa

Ƴata, ki share hawaye. Ke hoto kika ɗauka, shi ya ɗauki buhu. Amma lokaci ya ƙure, kunya ba za ta cece su ba.

Yau ki nuna wa Inna hotunan, har da na ƙarshen, ki amsa laifin ratsewa. Faɗan zai wuce. Kawunki ɗan'uwanta ne, ita ke iya sa shi ya tsawata wa ɗansa, a mayar da uwar da ƴaƴan tabki kafin kasuwa. Mai yiwuwa Maharazu babu ce ta tura shi, don haka a fara da gida. In ya ƙi, wani babba ya kai maganar buron ma'aikatan gandun daji, ba ke ba. Kada ki goge hoton, kada kuma ki yaɗa shi a waya.

Kamara kam kada ki ajiye ta. Sai dai in sheƙa za ki ɗauka, ki kauce wa duk wata alamar da za ta nuna wurin, kuma ki riƙa tafiya da Salima.

Batun zuciyarki, ki jira ki ga abin da zai yi in an ce ya kwance buhun. Nan za ki san ko wane ne.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya mayar wa namijin nan da iyalinsa.

Tanti Hasiya