Leshin Rabi

Daren Laraba, Rano

Yau manyan kamfaninmu suka zo daga Kano zaɓen wadda za a mayar babban ofis: ko ni, ko Rabi, sabuwar yarinyar nan 'yar ƙauyen Fammar. Jiya ta tsare ni a bakin ƙofa ta ce, "Anti Bilki, me zan sa gobe?" Na ce, "Manyan baƙi ne, ki ci ado." Ai ban yi ƙarya ba.

Ta kuwa ci. Leshi ruwan gwal mai duwatsu, ga uban gwaggwaro, ga awarwaro suna kacau-kacau in ta taɓa kwamfuta. Ni ko baƙar abayata na zura, na yafa ƙaramin mayafi. Hajiyar da ta jagoranci baƙin ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "'Yata, gidan wa ake kamun amarya yau?" Har direbansu sai da ya dara. Rabi ta fi ni iya aikin, amma daga nan bakinta ya mutu.

Da aka tashi na same ta tana share hawaye. Ta ce, "Anti, ko ɗaurin ne bai zauna ba?"

Na ce, "Shi ne. Da kin ƙara masa tsayi."