Ranar Da Na Ɗaga Baba Ni Kaɗai

Shahuci, Kano.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Khadijat da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiyar Allah.

Yaya, abin da bakina ya kasa faɗa a waya ne na rubuto maka. Cikin nan nawa ya zube ranar Talata. Wata huɗu, bayan shekara tara muna jira.

Ka san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, sai an ɗaga shi daga katifa zuwa kujera in zai kewaya. A asibitin da nake aiki ni ce mai yi wa sababbin ma'aikata faɗa: kada kowa ya ɗaga majinyaci shi kaɗai, a kira na biyu, a lanƙwasa gwiwa, ba a sunkuyawa da baya, mai ciki kuwa ko kusa. Har tsiya suke yi mini, wai Sista Kira-na-biyu. To, yau ga ni.

Ranar, maigidana Jibrin yana zaure, ba abin da yake yi. Amma ka san Baba da kunyar suruki. Mutumin da ko loma bai taɓa kaiwa baki a gaban mijin 'yarsa ba, shi ne zai yarda ya rungume shi ya kai shi banɗaki? Ina ambaton sunan Jibrin Baba ya juya fuska bango. Malam Ɗayyabu maƙwabcinmu, da muke kamawa tare, ya tafi kasuwar Dawanau. Na ga Baba ya matsu, idonsa ya kawo ruwa. Na zura hannu a hammatarsa na cicciɓe shi. Nan take na ji marata ta murɗa. Wallahi na sani tun kafin in ga jini.

Jibrin bai ɗora mini laifi ba. Da ma faɗa ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ba wanda ya gaya wa Baba, amma ya gane. Yanzu in na kai masa ruwa sai ya datse baki. Yau kwana uku, sai kurɓi ɗaya na haɗiyar magani. Leɓensa duk ya tsage. Ƙin sha yake don kada fitsari ya kama shi, a ce sai an ɗaga shi.

Don girman Allah ka nemi hutu ka taho. Kai ɗansa ne, zai bari ka kama shi. Na rasa wanda ban taɓa gani ba, Yaya. Ba zan iya zama da kofi a hannu ina kallon wannan yana bushewa ba.

Ka gaida mutan gidan.

Ƙanwarka,
Hauwa