Wandon da Malam Isa Ya Ɗinka

Shagari,
Lardin Sakkwato,
20 ga Afrilu, 1962.

Zuwa ga ɗana Amadu, a Kumasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan muna lafiya, sai zafin bazara da ya matsa wa shanu, tafki ya ƙafe, mun koma shayarwa a rijiya. Mahaifiyarka Uwani tana cikin takaba a Bodinga, jiki da sauƙi, sai dai abinci ne ba ta ci yadda ya kamata. Ina ƙara yi maka gaisuwar yayana, mahaifinka Malam Isa. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Takardarka ta zo, an karanta ta gaban dangi kamar yadda ka nema. Ka ce an gaya maka ƙanenka Lawali yana filin ƙwallo a Sakkwato ranar da aka binne ubansa, don haka ba kai ba shi, kuma kada ya kuskura ya taɓa keken ɗinkin Malam. Ban ji daɗi ba, Amadu. Ka ji magana a bakin ɗan fataucin goro, ka yanke hukunci daga Kumasi ba ka tambayi kowa ba. Wanda ya ba ka labarin bai yi ƙarya ba, amma rabi ya sani. Sauran rabin yana wurina.

Ka san shekara biyu Malam bai yi wa Lawali magana ba. Mutane sun ɗauka ƙwallon ya ƙi, alhali gajeren wandon ne. Mutum ya shekara arba'in a kasuwar Bodinga yana ɗinka wa jama'a sutura, sai ga ɗansa yana gudu cinya waje, gwiwa a buɗe, ana tafa masa. Ya ce a daina, Lawali ya ƙi, sai kowa ya kama bakinsa. Taurin kan nan na gidanmu ne, kai ma ba a bar ka a baya ba.

Da aka zaɓi Lawali ya tsare gida a wasan Lardin Sakkwato da Lardin Filato, waɗanda aka ce ba mu taɓa cin su ba, ba wata hira a kasuwa sai wannan. Lokacin ciwon ƙirji ya riga ya kwantar da Malam. Ran Laraba na je Bodinga duba shi, sai na iske shi a kan keke da farin yadi, yana tari. Na yi masa faɗa, ya ce in rufa masa baki, wando yake ɗinki, kuma ba ya bukatar awo don ya san tsawon ƙafar ɗansa. Ran Alhamis ya ba Musa direba wandon ya kai wa Lawali Sakkwato inda 'yan wasan suke, ba saƙo ko na kalma ɗaya. Ran Juma'a da hantsi ya kira ni, ya ce in ta Allah ta kasance kafin a yi wasan, kada in aika. Ya ce shekara biyu yana hana yaron abin da yake so, ba zai ƙara janye shi da gawarsa ba. Na yi gardama, ya riƙe hannuna har sai da na yi alkawari.

Ya cika ran Asabar bayan asuba, ranar wasan ke nan. Ka san tsakanin Bodinga da Sakkwato ba nisa. Da an tura mai keke an jira, da Lawali ya sami jana'iza. Liman ya tambaya, mahaifiyarka ta aiko daga cikin gida tana tambaya, na ce ba mai zuwa. Ni na faɗa, da bakina. In kana neman wanda za ka yanke wa zumunci, ga ni.

Bayan azahar na hau mota na tafi in gaya masa da kaina. Ban taɓa shiga filin ƙwallo ba, kuma har yau ban gane kan wasan ba. Abin da na gani shi ne ɗanmu tsaye tsakanin itace biyu, da farin wando ya sauko ƙasa da gwiwa, 'yan kallo suna dariya suna kiransa liman. Daga baya na ji shugaban 'yan wasan ya ce ya tuɓe shi, Lawali ya ce to a nemi wani mai tsaron gida. Mutanen Filato suka taso masa kamar kiɗa ake musu, ya faɗi nan ya faɗi can, bai bar ko ɗaya ta wuce ba. Namu suka ci ɗaya, aka tashi a haka. Masu dariyar nan su suka ɗaga shi a kafaɗa. Daga can sama ya hango ni, tsoho a inda bai saba ganina ba, da jar ƙasar maƙabarta a gindin rigata. Ya ce a sauke shi. Kafin in buɗe baki, shi ya tambaye ni da wane lokaci Malam ya cika. Na yi kuka a gaban jama'a, ban ji kunya ba.

Tun da aka karanta takardarka Lawali ya bar Bodinga, yana nan wurina yana bin shanu, ba ya magana da kowa. Ya ce da an yi sadakar arba'in zai tafi Kaduna ya shiga soja, ba kuma zai dawo ba, tunda babban wansa ya ce ba shi da wuri a gidan. Keke yana nan a rufe, mahaifiyarku tana kallonsa. Saura kwana goma sha tara a yi sadakar arba'in.

Ƙanwarka Atika tana gaishe ka, haka gwaggonka Indo da mutanen Dandin Mahe. Ka gaishe mini da Jummai da yara, da maigidanku na zango.

Na haɗo maka da wandon a cikin ƙunshin nan. Kai Malam ya koya wa ɗinki, ka fi ni iya karanta shi. Dubi ƙafar dama, aikin keke ne, sak kamar yadda ka san hannunsa. Sannan ka juya ta hagu. Ƙarfin taka keke ya ƙare masa a nan, da allura ya ƙarasa yana kwance, shi ya sa kalmasar ta karkace. Ka dube ta da kyau, sannan ka ɗauki alƙalami. Wandon kuma ka maido shi tare da amsarka, don ba naka ba ne.

Wassalam.

Ni ne baffanka,
Bawa.