Guzurin da 'Yata Ta Zazzage a Tsakar Falo

Anti Bebi, ki taimake ni don Allah, na rasa wanda zan kai wa kukana.

Ni 'yar Maradi ce, ina zaune a ƙasar Turawa, a unguwar East Greensboro, aikin kitso nake yi. Maigidana ya rasu, ya bar ni da 'ya ɗaya, Salwa. Tun da ta shiga jami'a ta kama ɗaki a unguwar Glenwood tare da ƙawayenta muka yi nisa. In na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, gaisuwa ma sai a waya. Yanzu ta gama karatun jinya, ta samu aiki a Oregon, wata jiha mai nisa, ƙarshen wata za ta tashi. Kwatsam ta ce tana son mu yi tafiya mu biyu kafin ta tafi: kwana uku a kogi can cikin duwatsu, a kwalekwalen roba, ruwa mai gudu yana wurgi da mutane, dare ya yi a kwana a tanti. Akwai masu jagora. Anti, ni ko wankan tafki ban taɓa yi ba, amma na amsa da sauri don kar ta fasa.

Ta ce jaka ɗaya kamfanin da ke shirya tafiyar zai ba kowa, ta roba wadda ruwa ba ya shiga. Na ɗauka zancen Bature ne kawai. A gidanmu ba a tafiya da mutane hannu sake. Na yi dambun nama da zai ishi duk 'yan kwalekwalen har da masu jagora, na sayo kilishi, na soya cincin. Na ninke atamfofi, hijabai masu kai wa ƙasa, bargo, buta, darduma, turaren wuta. Jaka biyu manya suka cika, ina ta murna kamar yarinya ranar sallah.

Ranar Asabar ta zo duba kayan. Ta zazzage komai a tsakar falo, tana ɗagawa tana ajiyewa gefe. Atamfa wai auduga ce, ba a shiga ruwa da ita. Hijabi wai zai naɗe ni. Kilishi wai zai jawo mana namun daji cikin tanti. Ta miƙo mini wani wando mai kama jiki ta ce shi zan sa. Ni da shekaruna, a gaban maza baƙi? Na ce mata tana jin kunyata ne, so take ta tuɓe ni ta mai da ni Baturiya kafin ta nuna ni ga mutane. Ta ce da ta sani da ba ta gayyace ni ba, ta ɗauki makullin motarta ta fita.

Har yau ba ta kira ba. Kayan suna nan a ƙasa, na kasa kwashewa, tsallakewa nake yi in wuce kicin. Dambun na cikin firji, ko kallonsa ba na son yi. In na je, zan je ba ni ba ce. In na ƙi, za ta tafi Oregon da wannan maganar a matsayin sallamarmu, kuma na san halinta, ba za ta sake roƙona ba. Zuciyata ta karye, Anti. Ina ganin na rasa yarinyar nan.

Uwa mai jaka biyu, Greensboro

'Yar'uwa, sannu. Share hawayenki, ba ki rasa ta ba tukuna.

Salwa ta yi kuskure. Guzurin da uwa ta tsaya a kan wuta ta haɗa ba a watsa shi a ƙasa kamar kayan wanki. Amma abin da ta faɗa gaskiya ne. Auduga in ta jiƙe tana riƙe ruwa, ta yi nauyi, ta sa sanyi ya shiga jiki, kuma ruwan duwatsu sanyi gare shi ko da rani. Dogon hijabi zai iya maƙalewa a reshe ko dutse in mutum ya faɗa ruwa. Ma'aikaciyar jinya ce, nutsewarki ta hango. Ke kuma kin kira wannan tsoron nata jin kunya, kuma na tabbata ya yi mata ciwo.

Maganar sutura tana da mafita. Ana sayar da kayan ninkaya na mata Musulmi: riga har gwiwa, wando sakakke, da ɗan hijabi mai shiga ƙarƙashin hular kwanon da ake sawa a kwalekwalen, duk na yadi mai saurin bushewa. Rigar ceto za ta hau sama ta ƙara rufe ki. Ki sa atamfa ɗaya da hijabi ɗaya a jakar robar, da yamma a sansani ki ɗaura abinki. Gorar ruwa ta isa buta, darduma ki nemi marar nauyi, ki tambayi malaminku hukuncin sallar matafiyi. Dambu ki ɗebi kaɗan, ku tambayi kamfanin ko masu jagora za su adana shi tare da abincinsu, don ba a kwana da abinci a tanti. Sauran ki ƙulle wa Salwa ta tafi da shi Oregon. Ki gaya musu tun yanzu ba ki iya ruwa ba. In suka ce wannan kogin ya fi ƙarfinki, ku zaɓi mai sauƙi, ba faɗuwa ba ce.

Kada ki zauna jiran ta fara kira don ke ce babba, lokacin ya yi kaɗan. Ki kira ta yau, ki janye maganar jin kunya, ki ce ta zo ta raka ki kanti ta zaɓa miki kayan da hannunta. In ta amsa da Turanci, ki ƙyale ta, amsawar muke nema. In ba ta ɗaga ba, ki shiga mota ki je Glenwood ki ƙwanƙwasa ƙofa.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa ku rabu kuna kewar juna.

Anti Bebi